Taurarin da Aka Kai Gummi

"Ja a hankali, Habsu. Takarda ta, ba igiyar guga ba."

Inna Balaraba ce ke yi mini faɗa. Tana jingine da buhun gero a ƙofar ɗakinta, ni kuma ina zaune a gabanta kan tabarma, zirin takarda huɗu sun sarƙe mini a yatsu. Tauraro na biyar ke nan da na yaga tun hantsi. Ni da nake taƙama da kitso da saƙar hula a unguwar nan, ga 'yar takarda ta mayar da ni sabuwar 'yar koyo, har gumi nake yi.

"Inna, abinga ba ya son mutane," na ce.

"Ke ad dai ba ki son shi. Sake yanko wani."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata a nan Anka. Daga wajen Gwashi ta taso shekara huɗu da suka wuce, lokacin da zaman ƙauye ya gagara. Mijinta malamin allo ne, ya rasu tun suna can, ya bar ta da 'ya'ya maza biyu, Khalilu da Mu'awiya, su duka suka koma noman shinkafa a fadamar Gummi. Ita ta ƙi Gummi, ta ce sauron bakin gulbi ya fi ƙarfinta, ta zauna a gidan wani ɗan'uwanta da ya koma Gusau.

Duk unguwa da taurari aka san ta. Da kaba ta koya tun tana yarinya, wurin wata Bafulatana mai saƙar faifai, daga baya ta koma takarda da kintinkiri. Sai ta yanka ziri huɗu, ta ninka kowanne biyu, ta saƙa su a tsakiya kamar gindin kwando, sannan ta riƙa lanƙwasa bakin kowane ziri tana zura shi ta ƙarƙashin ɗan'uwansa har tsini ya fito. Tsohuwar kalanda, takardar kwalin alewa mai ƙyalli, komai tana yanka, ban da takardar da ke da rubutun Larabci. Idan watan Maulidi ya kama, makarantar Islamiyyarmu da taurarinta ake yi wa ado, kuma kowace shekara tana ware goma sha biyu mafiya kyau ta aika wa jikokinta a Gummi.

A shekarar da nake ba ku labari an kashe layukan waya a jihar gaba ɗaya saboda 'yan bindiga. Wayoyinmu suka koma fitila kawai. Wanda ke Gummi bai san halin da na Anka yake ciki ba sai in direba ya kai magana, su ma direbobin ba sa bin hanya sai an taru an yi ayari. A daidai wannan lokacin ciwon Inna ya tashi. Ƙafafu suka kumbura, fuska ta kumbura, daga baya har hannu. A asibiti suka ce ƙoda ce, kuma aikin ya fi ƙarfin nan, sai dai a kai ta Sakkwato. Ta ce ta ji, ta dawo gida ta kwanta.

Ni fa raina ya ɓaci. Na same ta na ce zan ba Ɗantani direba saƙo ya gaya wa Mu'awiya. Ban taɓa ganin tsohuwar nan ta zabura irin na ranar ba. Ta kama bakin zanena da kumburarren hannunta.

"Habsu, Khalilu gaishe ni yaz zaka yi. Ran Sallah ƙarama. Shinkahwa ya azo ga mashin ya kawo mini, sunka tare shi ga hanyag ga. Shekara biyu yau, ko takalminai ban gani ba. Guda ɗai yar rage mini. In kin hwaɗa mai ban lahiya, wallahi ba ya jiran ayari."

"To ki mutu ɗanki bai sani ba?"

"In mutu shina da rai. Ki rantse mini."

Na rantse, ina jin haushinta ina jin tausayinta. Har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

Sai ga Maulidi ya matso, matsalar ta fito fili. Shekara huɗu taurari ba su taɓa fashin zuwa Gummi ba. Idan bana ba su je ba, ga shi babu waya, Mu'awiya ba yaro ba ne, zai gane akwai abin da ya faru. Inna ta ɗauki almakashi ta fara, da ƙyar ta gama guda uku a kwana biyu, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa, sun yi suntum kamar rogo. Abin da ya zaunar da ni a gabanta ranar Lahadin nan ke nan, domin Litinin da safe ayari zai tashi.

Inna bahaguwa ce. Ta ba ni labari tana dariya cewa mahaifinta, da yake shi ma malami ne, ya sha buge mata hannu har ta koyi cin tuwo da karɓar abu da dama, amma saƙa da ninki a ɗaki take yinsu inda ba ya gani, sai suka zauna a hagu. Da farko a gefenta na zauna, na kasa gane komai. Ita ce ta ce in dawo gabanta. Da muka fuskanci juna, hagunta ya zo daidai da damana, duk inda hannunta ya nufa nawa ya bi, sai abin ya fara shiga. Na shida ya tsaya da tsininsa cif, na ɗaga shi sama ina guɗa a hankali.

"Kin gani? Kin tsaya kina zagin takarda," ta ce. Ta kai shi kusa da fuskarta, amma kumburi ya rufe mata ido, ban jin ta ga wani abu sosai. Ta shafa tsinin da yatsa ta ce ya yi.

Bayan azahar numfashinta ya yi nauyi, barci ya ɗauke ta a zaune. Na gyara mata kwanciya na ci gaba ni kaɗai. Unguwa ta yi tsit irin na shekarar nan, ba ƙarar mashin, ba mai talla, sai wani jirgi da ya wuce can sama ya nufi daji, kaji suka ruga ƙarƙashin rumbu. Kafin la'asar sakaliya na gama guda tara, ja da kore da ruwan zinari. Na haɗa da nata uku, na zura musu zare, na jera su a kwalin sabulu. Gaskiya na yaba wa kaina ƙwarai. Na ce a raina ko ita ba za ta bambance ba.

Da safe mijina Badaru ya kai wa Ɗantani kwalin a tasha, tare da saƙon da Inna ta tsara da bakinta: tana gaishe su, tana nan lafiya, kada kowa ya taso sai hanya ta yi kyau.

Ranar Talata aka yi Maulidi. Ba a yi zagayen gari ba a shekarar, a cikin makaranta aka tsaya, kuma babu sababbin taurari, na bara aka kakkaɓe aka rataye. Muryar yara tana shigowa ta kan katanga suna yabo. Inna ta ce in buɗe labule ta ji da kyau. Kunun da na dama mata cokali biyu ta sha ta kawar da kai.

"Yanzu Safa ta rataye nata ga ƙohwar ɗaki," ta ce. Safa ita ce babbar jikarta. "Kullum ja taka ɗauka, ta bar ma ƙannenta kore su yi ta kuka."

Laraba da hantsi ina wanke mata zane sai aka yi sallama a zaure. Badaru ya tafi gona yankan gero, don haka na yafa mayafi na leƙa. Ɗantani ne, ko mota bai kai gida ba. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, idonsa yana kan ƙofar gidan Inna.

"Mu'awiya na ciki?"

"Wane Mu'awiya?"

Ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Na kai saƙo ran Litinin da la'asar, hannu da hannu," ya ce. "Na hwaɗa mai yadda anka ce in hwaɗi. Yay yi murna, yab buɗe kwali gaban yara. Sai nig ga ya ɗauki guda, ya ɗauki wani, ya aza su ga tahin hannu shina kallo. Yac ce, Ɗantani, wa yay yi wanga? Nic ce Innarka mana. Yac ce a'a. Na Inna tsininsu hagu suka kwantawa, tun ina yaro haka na san su. Ukun ga nata na. Taran ga dama sunka kwanta, wani yay yi su. Mi ya samu hannun Inna?"

Sai a lokacin na gane. Gaba da gaba muka zauna da Inna. Duk inda ta lanƙwasa hagu, ni dama na lanƙwasa, ina ta murna abin ya zo mini da sauƙi.

"Na rantse mai ban san komi ba," Ɗantani ya ci gaba. "Nic ce ya jira Laraba mu taho tare cikin ayari. Yac ce to. Yau da sahe nib biya gidanai, matatai tac ce tun jiya Talata da anka sallame asuba yah hau mashin."

Daga Gummi zuwa Anka, ko mutum yana tsayawa shan ruwa a kowane gari, ba ya wuce rabin yini. Mu'awiya ya yi wuni ɗaya da kwana a hanya. Na tambayi Ɗantani ko sun ga wani abu da suka taho. Ya ce ba su ga komai ba, ba mashin a yashe, ba mutum, kuma ƙauyukan bakin hanya daga mararrabar Bukkuyum duk a rufe suke, babu wanda za a tambaya. Ya ce zai koma tasha ya sa a cigita.

Ban san tsawon lokacin da na yi tsaye a zauren nan ba. Muryarta ce ta dawo da ni, siririya, tana kiran sunana. Ta ji muryar namiji. Na shiga na durƙusa a gefenta.

"Ɗantani na?"

"Shi na, Inna."

"Sun kai?"

"Sun kai. Hannu da hannu."

"Yara sun yi murna?"

"Sun yi."

Ta ja numfashi, ƙirjinta yana ƙara kamar ana jan busasshen kara a ƙasa. Ina addu'a a zuciyata kada ta ƙara tambaya.

"Shi hwa? Ya zauna?"

An ce kada a yi wa mai barin duniya ƙarya, kuma ni ba maƙaryaciya ba ce, duk unguwa sun san bakin nan nawa ba ya ɓoye magana. Na dubi fuskar nan da ta kumbura har ba a gane ta, na ce, "Ya zauna, Inna. Shina gida, shina yankan shinkahwa."

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Allah shi yi miki albarka, Habsu. Hannunki ya yi mini rana."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na riƙe hannunta ina karanta mata kalmar shahada tana bi, tun ana jin muryar har ya zama leɓe kawai ke motsi. Ana kiran azahar ta cika, fuskarta a sake, kamar wadda ta sauke tulu.

Ni da matar liman muka yi mata wanka. Badaru ya dawo daga gona, na ja shi gefe na gaya masa komai. Ya fita ya sami liman, aka ce a jinkirta zuwa bayan la'asar ko Allah zai sa. Aka tura mutum biyu tasha, suka dawo babu labari.

Da aka fito da ita ƙofar gida, na bar mata a tsakar gida na je na tsaya a bayan ƙyauren zaure, inda langa-langar ta ɗan tsage. Mutanen ba su da yawa, sahu biyu ne da 'yan kai. A sahun gaba, daidai bayan liman, Badaru da Ɗantani sun bar wurin tsayuwar mutum ɗaya a tsakaninsu. Babu wanda ya ce a bari, babu kuma wanda ya shiga. Liman ya gyara rawani, ya sake gyarawa, ya juya ya dubi titin da ya yi yamma. Duk sahun suka duba tare da shi. Rana ta yi ƙasa, titin fayau, sai wata akuya da ke tsallakawa.

"A daidaita sahu," in ji liman, a hankali.

Badaru ya ɗan jima kansa a sunkuye. Sannan ya matsa taki ɗaya, kafaɗarsa ta taɓa ta Ɗantani.