Delfina Ta San Hanya

"Tadeo, shigo da kanka kafin babur ya tafi da shi!"

Delfina ta finciko rigar yaron, ya faɗo kan cinyarta yana ƙyalƙyala dariya. Bas ɗinsu ya maƙale a tsakiyar gada, babura na kutsawa ta ko'ina, kogin Paraná na malala can ƙasa.

"Mun shiga Brazil?" in ji Tadeo.

"Kanka ya shiga," in ji babansa Anselmo, yana tsiyaya ruwan sanyi a kofin tereré, shayin ganyen da suke sha da sanyi. "Ƙafafunka suna Paraguay tukuna."

Yayar Tadeo, Yeruti, 'yar shekara goma sha ɗaya, ba ta kula su ba. Littafin rubutu ne buɗe a gwiwarta. "Mama, daga ƙofa zuwa wurin ruwan minti nawa ne?"

"Ba nisa."

"Da kin ce sai an hau mota."

"To, ai a motar nake nufi."

Anselmo ya miƙa wa matarsa kofin yana danne dariya. Ta galla masa harara. Duk duniya shi kaɗai ya san zancen.

Tun kafin ta yi aure ta fara sayar da chipa, ɗan burodin rogo da cuku, a tashar Caaguazú, Delfina ta yi shekara biyu tana aiki a wani otal a garin Foz na Brazil, a ɗakin wanki na ƙasa. Kullum baƙi sai su dawo daga magangarar Iguazú jiƙe sharkaf, ita ce mai wanke tawul da shanya kaya. Ranar hutunta ɗaya ce, ita kuma takan tafi duba mahaifiyarta. Ruwan yana nan kusa, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa ba. Wata rana zazzaɓi ya kwantar da Yeruti tana 'yar shekara huɗu, ta ƙi shan magani, ta ce sai Mama ta ba ta labarin babban ruwa. Delfina ta ba ta, daga hoton da ke rataye a zauren otal da abin da ta tsinta a bakin baƙi. Yarinya ta shanye magani. Daga nan labari ya yi ta ƙiba shekara bakwai, har ya samu bakan gizo biyu, ɗaya bisa ɗaya. A watan jiya ma Yeruti ta yaga wa wata 'yar ajinsu riga don ta ce ƙarya ne.

Sai ga Anselmo ya gama ƙera wa wata makaranta kujeru, ya shigo gida yana kaɗe garin katako daga gashinsa, ya ce Asabar za a je. Kafin magariba unguwa duka ta ji cewa Mama ce za ta nuna hanya.

A ƙofar shiga gandun Iguazú, mutane kamar ranar kasuwa, kowa da yarensa. Anselmo ya karɓo tikiti, yaran suka zuba wa uwarsu ido. Delfina ta gyara jakar chipa a kafaɗa, ta zaɓi inda ta ga mata sun fi yawa, ta wuce gaba da ƙarfin hali.

Layin ban ɗaki ne.

"Ai na sani," ta ce. "Kowa ya rage mara yanzu, can ciki babu dama."

"Kun ji amfanin tafiya da ɗan gari," in ji Anselmo.

"Anselmo, zan bar ka a Brazil."

Bas mai hawa biyu suka hau, yaran suka ruga sama inda babu tagogi. Daji ya rufe hanya hagu da dama, malam-buɗe-littafi na shawagi rawaya da shuɗi, ɗaya ma ya sauka a hular Anselmo, Tadeo ya hana shi motsi har aka tsaya. Da suka sauko sai suka ji shi: wani gurnani mai zurfi, kamar manyan motoci ɗari sun taso tare ba su iso ba.

"Shi ne?" in ji Tadeo, ya riƙe siket ɗin uwarsa.

"Shi ne," ta ce. Ta dafa kansa.

Ba su yi taku hamsin ba bishiyoyi suka buɗe. Can ƙetaren kwari ruwa ne ke zubowa, ba wuri ɗaya ba kamar a hoton otal. Nan ɗaya, can uku, gaba wasu, har iyakar gani. Yeruti ta fara ƙirgawa da bakin alƙalami, ta kai goma sha tara ta rikice. Tadeo kuwa tsalle kawai yake yana ihu.

Yana cikin tsallen ne wata dabba mai dogon hanci da jela mai zobe-zobe ta fito daga ciyawa, ta cafke jakar chipa da Delfina ta ajiye a ƙasa.

"Kuwati! Baba, ɓarawo!"

Anselmo ya bi shi da gorar tereré a hannu, sai ga 'yan'uwansa shida sun fito. Ya ja da baya. Wani ma'aikacin wurin ya zo yana tafa hannu yana faɗa da Fotugis, amma aikin gama ya gama.

"Chipa ashirin," in ji Delfina. "Da asuba na gasa su."

"Yau dai kin samu kwastoma 'yan ƙasar waje," in ji Anselmo. Har ita sai da ta yi dariya.

Yeruti ce ba ta yi ba. "Mama, ba ki taɓa cewa akwai kuwati ba."

"A lokacin ba su yi yawa haka ba."

"Kuma kin ce ruwan fari ne kamar madara. Wannan ja ne."

"An yi ruwan sama ne can saman kogi," Anselmo ya yi saurin cewa.

Suka ci gaba da gangarawa, ƙarar na ƙaruwa, iska ta fara yi musu yayyafi alhali rana na tsaka. A ƙarshe hanyar ta zama siririyar gada da ta ratsa tsakiyar kogi, ta nufi babbar magangarar da ake kira Maƙogwaron Shaiɗan. Anselmo ya ɗora Tadeo a wuya suka kutsa cikin feshi, yaron na dukan kan ubansa kamar ganga.

Delfina ta taka gadar, ta yi taku goma, ta tsaya. Ruwa a hagu yana faɗowa daga sama, ruwa a ƙarƙashin ƙafarta yana rugawa ya ɓace a rami, ƙarfen da ta dafa yana rawa. Feshin ya doki fuskarta, ya jiƙa mata gashi da riga har fata. Ta shaƙi ƙamshinsa, ta gane shi: ƙamshin tawul ɗin nan ne, ganye da laka da sanyi. Bakinta ya buɗe, ta kasa rufewa. Tana dariya tana kuka, ba ta ma san Yeruti na kallonta ba.

Yarinyar ta jawo ta gefe, ta sa baki a kunnenta saboda ƙara.

"Mama, ba ki taɓa zuwa ba, ko?"

Delfina ta share fuska, ruwa ya sake jiƙa ta. Ta girgiza kai.

"Ko sau ɗaya?"

"Kayan waɗanda suka zo nake wankewa, 'yata. Shekara biyu."

Yeruti ta dubi littafinta. Ya jiƙe, tawada ta zuba. Delfina na jira kamar mai jiran hukunci.

Sai ga Tadeo ya dawo a guje, gashi manne a goshi, Anselmo na haki a bayansa. "Mama! Mama! Ina wurin da kika tsaya kika ga bakan gizo biyu? Ɗaya kawai na gani!"

Delfina ta buɗe baki. Yeruti ta riga ta.

"Can ƙarshe ne, sakarai, daidai kusurwa. Yanzu ta gama nuna min." Ta cusa littafin a cikin riga, ta kama hannun uwarta gam. "Mama, riƙe ni da kyau, wurin da santsi."