Akwai Mai Sauka a Bakin Famfo

Ƙanin matar Dogo ne ya kashe kamfanin, kuma da biro ya kashe shi. Kalma ɗaya ya rubuta a takardar ofishin sufuri, yana sane ƙarya ce, ya sa hannu, ya dawo gida ya ci abinci kwano ɗaya da mutumin da ya cuta.

Kamfanin ba wani babba ba ne, bas uku ne tsofaffi. Dogo ya yi shekara ashirin da biyu yana tuƙi a babban kamfanin motocin birni, kuma kullum inda kwalta ta ƙare nan yake juyawa. Ta madubi yakan ga mutanen unguwar kan tudu sun sauka, sun ɗora kaya a ka, sun kama hawa da ƙafa, tafiyar minti arba'in. Cikinsu har da yayarsa, mai sayar da kayan miya a kasuwa, wadda gwiwarta ta hagu ta daɗe da daina yi mata biyayya. Da ya ajiye aiki sai ya sayi motoci uku da kamfanin ya yasar a bayan gareji, bakanike ya tashe su, aka shafa musu koren fenti. Ofishin sufuri ya ba shi lasisin gwaji na shekara guda, saboda dalili ɗaya tak: zai kai mutane kan tudu, inda ba wanda ke zuwa.

A hanyar tudu babu allo ko ɗaya da ke nuna wurin tsayawa. Sunayen duk daga bakin kwandastansa suka fito, wani dattijo mai furfura a gemu da ake kira Maƙogwaro, don in ya yi kira a gindin tudu ana jin sa a sama. Shi ya raɗa Bakin Famfo, da Gidan Tela, da Kwanar Awaki, da Bayan Makaranta, sai wurin juyawa na can ƙarshe da ya sa wa Ƙarshen Duniya. In an kusa wuri sai ya buga jikin mota ya ce, "Bakin Famfo, akwai mai sauka?" Mai sauka ya ce akwai. Shi ke nan tsarin. Dokar Dogo kuma guda ce ga direbobinsa: mota ba ta motsi sai tsoho ya zauna.

Takardu ne ba ya so. Yana karanta lambar mota daga nesa, amma ƙananan layukan fom suna sa masa ciwon kai. Shi ya sa da matarsa ta roƙe shi ya ɗauki ƙaninta, wanda ya yi karatu amma yake zaune ba aiki, bai yi musu ba. Ya sa masa tebur a rumfar kwano kusa da inda ake wanke motoci, yana kiran sa Akawu. Akawu yakan zo da riga a goge, yana ɗage ƙafar wando kada ruwan wanki ya taɓa shi, kuma ko sau ɗaya bai taɓa hawa motar zuwa tudu ba.

Da shekara ta zo ƙarewa aka aiko fom na sabunta lasisi. A lokacin wani mutum daga babban kamfani ya riga ya fara tsayawa a rumfar, wai gaisuwa. Korayen motocin sun dame su, don a kan babban titi ma mutane sun fi son hawansu. Mutumin ya yi wa Akawu alkawarin kujerar mai kula da direbobi, a ɗaki mai fanka. A fom ɗin akwai layin da ke tambaya ko ana samun fasinja bayan ƙarshen kwalta. Akawu ya rubuta: babu.

Wata guda bayan nan wasiƙa ta zo, lasisi zai mutu ranar Alhamis ta ƙarshen wata. Ranar da wasiƙar ta zo, tebur ɗin Akawu ba kowa, ya kwashe har biro.

Dogo ya tafi ofishin da kayan aikinsa a jiki. Aka kai shi gaban shugabar sashen lasisi, wata mace mai tabarau da direbobi ke kira Mai Hatimi. Ba ta ɓata lokaci ba, ta juyo masa fom ɗin ta ɗora yatsa a layin. Dogo ya daɗe yana kallo. Ya san wannan rubutun, a kan teburin rumfarsa yake ganin sa kullum. Ta bayyana masa cewa kwamiti ya riga ya zauna, abin da aka soke ba ya dawowa, sabon lasisi kuma ba a ba motocin da suka kai shekarun nasa. Da ya buɗe baki ba motocinsa ya tambaya ba. Ya tambaya wa zai kai mutanen tudu gida daga ranar Juma'a.

Ta ce a takarda babu mutanen da za a kai.

"Ranki ya daɗe, ni ban iya jayayya da takarda ba," in ji shi. "Amma ranar Alhamis ƙarfe huɗu zan tashi sawu na ƙarshe daga bakin kasuwa. Ki zo ki zauna kawai. Ba sai kin ce komai ba."

Ta ce za ta duba, da irin muryar da ake sallamar mutum.

A gida matarsa ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta ce ita ta jawo masa. Ya ce ta bar wannan magana, ita roƙo ta yi, ba ita ta riƙe biro ba. Yayarsa kuwa ba kuka ta zo yi ba. Ta shigo tana dogara sanda, ta ce tunda shaida ake so, za ta tara matan kasuwa da 'ya'yansu da jikokinsu su cika motar har rufi, ko ba tudu za su ba. Dogo ya ƙi. Ya ce in suka cika mota da fasinjan haya, to su da Akawu sana'arsu ɗaya, shi ya yi da biro su sun yi da mutane. Kada a gaya wa kowa. Wanda ya saba hawa ya hau. Yaya ta ce tun yana yaro taurin kansa ya fi tsawonsa, ta fita.

Ranar Alhamis aka wuni ana ruwa. Kasuwa ta watse da wuri, kuma Dogo yana zaune a bayan sitiyari yana ƙirga kawuna ta madubi, yana ganin kujerun da ba kowa. Ƙarfe huɗu da minti biyar babu Mai Hatimi. Bai taɓa makara ba a wata goma sha uku, amma ya fito ya hau goge gilashin da ruwa ke sake jiƙawa. Maƙogwaro ya gane, ya shiga gyara buhun da ba ya bukatar gyara. Har Dogo ya tada mota sai ga wata mace da lema tana tsallake kwata. Mai Hatimi ce. Ta hau ta ƙofar baya, ta zauna inda ta ga wuri, gefen Yaya.

Yaya ba ta san ta ba. Ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ƙanwata matsa kaɗan, sannan ta ɗora mata kwandon tumatir a cinya, ta ce ta riƙe da kyau, na ƙasan sun nuna. Dogo ya ga wannan ta madubi, ya ja mota.

A babban titi aka yi ta hawa ana sauka kamar kullum. Leburori biyu suka shigo da siminti a gashin kai, sai ma'aikaciyar asibiti da takalminta a leda, sai tela da bandir ɗin yadi a ƙarƙashin riga. Kafin ƙarshen kwalta an cika, har da na tsaye. Maƙogwaro ya buga jikin mota.

"Ƙarshen Kwalta, akwai mai sauka?"

Shiru. Ya sake tambaya, don a tabbatar. Wani daga baya ya ce malam ja mu tafi, wa zai sauka a wannan taɓon. Dogo ya sa giya ta ɗaya, motar ta yi nishi ta kama tudu da mutum talatin da wani abu.

A Bakin Famfo murya biyar ta ce akwai a tare. A Gidan Tela, tela ya ce akwai, aka ce masa ai ko bai faɗa ba gidan ya san shi. Mai Hatimi ta zaro ƙaramin littafi daga jaka, ta ɗora a kan tumatir ɗin tana rubutu. Da aka kira Kwanar Awaki ta ɗaga kai ta tambayi Yaya ko wurin ba shi da wani suna na kirki.

"Awakin sun riga kowa zuwa nan," in ji Yaya. "Ke baƙuwa ce ko? Gidan wa za ki?"

Ta ce ta zo ganin hanya ne. Yaya ta ce to ta gan ta da kyau, don daga gobe ƙafa ce, wata mai tabarau a ofis ta ce su ba mutane ba ne. A Bayan Makaranta Yaya ta ce akwai, ta karɓi kwandonta, ta duba ko an matse mata na ƙasan. Dogo bai motsa ba sai da ta sauke ƙafar mai ciwo ta tsaya daidai.

A Ƙarshen Duniya motar ta zama wayam, saura mutum ɗaya. Maƙogwaro ya yi tambayarsa don sabo. Mai Hatimi ta ce babu, a mayar da ita. Ta dawo kujerar gaba, ta cire tabarau tana gogewa da gefen mayafi, ta tambayi Dogo ko shi ya tara mutanen nan. Ya ce yau ma ruwa ya rage su. Ta gaya masa gaskiya ba ta da ikon dawo masa da lasisi. Ya ce ya sani. Sai ta ce ya maimaita mata sunayen a jere, a hankali, kada ta yi kuskure.

Kamfanin bai tashi ba. Wata goma sha uku ya yi a duniya. Mota ɗaya wata makaranta ta saya, ɗaya bakanike ya farke, ta ukun tana nan gindin tudu ba tayoyi, wani ya mai da ita shagon aski. Mutanen tudu sun yi sati shida suna hawa da ƙafa, Yaya kuma ta yi sati shida ba ta je kasuwa ba.

A sati na bakwai lasisin babban kamfani ya zo sabuntawa, suka tarar da sabon sharaɗi a ciki: duk wanda zai bi babban titi sai ya hau tudu, sawu goma a rana, ya tsaya wuri biyar. Aka kafa alluna, har da na Kwanar Awaki da hatimin ofis a ƙasansa. Direbobinsu ba su san ramukan hanyar ba, mota biyu ta maƙale a kwana uku, dole suka nemi Dogo. Ya ce zai zo in za a ɗauki direbobinsa biyu da Maƙogwaro, kuma mota ba za ta motsa ba sai tsoho ya zauna. Suka yarda. Shi ya ja sawun farko, Yaya na kujerar bayansa tana mitar cewa kujerun sabuwar motar sun fi na da tauri.

Akawu kuwa, ofishin sufuri ya kira shi ya nuna masa fom ɗin. Aka haramta masa aiki da kowane kamfanin mota har shekara biyar, babban kamfani kuma, inda ya koma aiki, ya kore shi a ranar.