Mai Baƙin Bango

"Ni na goya ta, Yaya, ni na yi jinyarta, amma yau takarda ta fi ni sanin cikinta."

Umma ta faɗi haka ƙafarta na kan keken ɗinki, ko sassautawa ba ta yi ba. Yayarta, da ta zo karɓar riga, ta yi dariya ta ce ai godiya ya kamata ta yi, tun da 'yar tata, Auta, ta dawo tana cin abinci. Umma ta ce ta gode wa Allah, ta ƙara godewa, amma godiya daban, ciwon rai daban.

Tun rasuwar mahaifinta Auta ta lalace. Ba ci, ba barci, in ta dawo daga shagon maganin da take aiki sai zama a bakin gado tana kallon ƙasa. An yi addu'a, an yi sadaka, daga ƙarshe aka je asibiti. Likitar ta ce kullum da safe ta zauna ta rubuta abin da ke ranta, mai daɗi da mai ɗaci. Umma da ƙafarta ta je ta sayo littafin, wani mai baƙin bango, har da biro. Ashe bulala ta yanko wa kanta.

Da can ranar kitso ita ce ranar hira. Auta ta zauna tsakanin ƙafafun uwarta, tsinke na tsaga, baki na zuba: mai shago ya yi faɗa, wane ya ce yana so, wance ta daina gaisuwa. Kai na hannun uwa, fuska na kallon ƙofa, ba ido cikin ido, sai magana ta fito da kanta. Yanzu kuwa a kitse kan nan tsaf, Umma ba za ta ji komai ba sai ƙorafin an ja gashi. In ta tambayi me ke damunta, sai Auta ta yi murmushi ta ce ai ta riga ta rubuta.

Ta riga ta rubuta! Littafin ne ya san zafin naƙuda? Shi zai tofa mata addu'a?

Rannan Auta na fita, Umma ta ɗaga filo ta ɗauko shi. Ta buɗe, amma karatunta bai yi nisa ba, rubutun kuma kamar tafiyar tururuwa. Kalma ɗaya take ganewa, Umma, nan da can, ba ta san ko yabo ba ne ko ƙara aka kai. Ta cusa shi can ƙasan buhun ƙyallaye. A tunaninta, in aka toshe wa ruwa sabuwar hanya, tsohuwar zai bi.

Bai bi ba. Auta ta kakkaɓe gado, ta duba jaka, ba ta zargi kowa ba, ba ta kuma sayi wani ba. Sai kwano ya fara dawowa a rufe yadda aka kai shi. Da Umma ta leƙa bayan la'asar ta gan ta a bakin gado tana kallon ƙasa, irin zaman nan na da, sai ta juya ta nufi inda ta ɓoye littafin. Ta yi istigfari, ta zazzage buhun.

"Auta, zo in gyara miki kan nan."

Kitson bai ma tsufa ba, amma ta zo ta zauna. Umma ta ɗora mata littafin a cinya ta ce ga mutuminta nan. Wani jan zare na maƙale a bangon. Auta ta zare shi, ta naɗe a yatsa tana dubawa, ba ta tambayi inda aka samo shi ba. Ta dai rungume littafin, kafaɗunta suka sauka, Umma na jin haka a gwiwoyinta. Daɗi ya kama ta, haushi ma bai sake ta ba.

Ta tsefe ɗaya, ta tsefe biyu, sannan ta gyara murya.

"Ban ce duka ba, 'yar nan. Inda sunana ya fito, ko layi ɗaya ne, ki karanta min."