Sawun Taya a Ciyawar Kaz

"Ajiye wayar nan, Verna."

Kaz Pawlak ne, maƙwabcina, yana zaune dirshan a ƙasa, ya jingina da matattakalar ƙofar gidansa, hannu dafe da ƙirji. Tsohon injinsa na yankan ciyawa na can gefe yana ta ruri shi kaɗai. Na ce masa motar asibiti zan kira. Ya ce kada in raina masa hankali, ai lambar ɗaya ce, kuma ya san wanda zai fara zuwa.

Gaskiyarsa. A ɗan garinmu na bakin tafki a arewacin Michigan asibiti na da nisa. Duk wanda ya faɗi, motar 'yan sanda ce ke rigan kowa isowa, da na'urar farfaɗo da zuciya a bayanta. Kaz kuwa ya sha rantsuwa a gaban mutane cewa motar nan ba za ta taka masa fili ba yana numfashi.

Ba 'yan sandan ya tsana ba, kuɗin da ake biyansu da shi ne. Hukumar garin ta ɗora wa kowane gida haraji na musamman, gwargwadon darajar gidan, don albashinsu da motocinsu. Ana nan sai masu hannu da shuni daga birni suka fara sayen bakin tafki, suna rushe ƙananan gidaje suna tayar da manya. Gidan Kaz bai ƙara ko ƙusa ɗaya ba, amma a takarda ya zama gidan attajiri, fanshonsa na masana'antar mota kuwa yana nan inda yake. A taron hukumar ya miƙe ya ce shi ya gina gidan da hannunsa, shi da matarsa marigayiya Regina, kuma abin sata ɗaya ne a ciki, shi ne shi kansa, shi ɗin kuwa ba mai son sa. Aka yi dariya, aka ɗaga hannu, haraji ya wuce.

Tun daga nan 'yarsa Renata take matsa masa ya sayar ya koma wurinta a Arizona. Ya ce sai dai a fitar da gawarsa. Ya daina sayen nama, ya rage wutar ɗumama ɗaki, na kuma lura ƙwayoyin maganinsa biyu yake raba su. In na kai masa miyar kabeji sai ya ce gishiri ya yi yawa, ya kuma suɗe kwanon tas. Taurin kai dai kamar jaki. Abu ɗaya ne bai taɓa rage wa komai ba: ciyawar gaban gidan, wadda Regina ta shuka. Ko mai kawo wasiƙa bai isa ya taka ta ba.

Na dube shi, leɓɓansa sun fara shuɗi. Na ce, "Ka zage ni gobe, tsoho," na kira.

Tsohuwar motarsa da kwale-kwalensa sun toshe hanyar shiga, don haka ɗan sandan, wani matashi da ake kira Lahti, bai tsaya wata-wata ba ya haura ta kan ciyawar. An kwana biyu ana ruwa, ƙasa ta yi laushi, tayoyin suka nutse suka yi ta fatali da laka har bakin matattakala. Wallahi sai da na ji abin a raina.

Lahti ya durƙusa, ya yage masa riga, ya manna wayoyin na'urar. Kaz ya buɗe ido da ƙyar, bai dubi yaron ba, bayansa ya duba.

"Wa ya hau min ciyawa?"

"Ni ne, Baba. Yi haƙuri, zan gyara."

"Da kuɗina ka sayi tayar."

"Na sani, Baba. Yi numfashi."

Bai sake magana ba. Yaron ya yi ta danna ƙirjinsa har gumi na ɗiga daga hancinsa, bai daina ba sai da motar asibiti ta zo aka janye shi. Ni na je na kashe injin yankan ciyawar, don ba wanda ya tuna da shi.

Renata ta zo, aka yi jana'iza a coci, aka ci abinci a zauren da ke ƙarƙashin cocin. Kafin ta koma ta riga ta sa hannu, wani likita daga birni ya saye gidan. Ban ga laifinta ba, amma na yi kuka.

Ranar Asabar da safe na hango mutum a filin, cikin kayan gida, da shebur da buhun iri. Lahti ne, yana cike ramukan. Na leƙa ta kan shinge na ce masa wahalar banza yake yi, masu gidan rushe komai za su yi kafin kaka.

"Na ce masa zan gyara, Mama," ya ce, bai ɗago ba.

Na shiga na ɗauko masa butar ban ruwa.

Ciyawar ta fito, amma ba ta yi duhun ta Regina ba. Ranar da aka sauke motar rusau a bakin titi, ina tsaye a tagar kicin ina kallon layi biyu masu hasken kore, sun taso daga titi sun tsaya daidai inda ya zauna.