Gudumar Mota Ta Bakwai

Daga cikin motar aka sake dukan ƙofar da ƙafa. Ƙarfen ya yi ƙara, amma ko motsi ba ta yi ba.

"Daƙiƙa talatin, Baba," in ji Injiniya, idonsa a kan agogon hannunsa. "Da a bakin daga ne, da tuni kun gasu."

"To tsaya ka ga aikin manya, ɗan boko."

Aka ji ƙwal, sau ɗaya tak. Sakata ta saki, ƙofar ta wangale, Baba Tartsatsi ya sauko yana dariya da guduma a hannu. Shekara talatin da ɗaya yana walda a wannan masana'anta ta gyaran motocin yaƙi, kuma ba shi da riga ɗaya da wutar walda ba ta huhhuda ba. Daga nan sunan ya samo asali.

Motar irin mai tafiya a kan sarƙa ce, wadda ke ɗaukar soja takwas a cikinta ta kai su inda ake fafatawa. Tsofaffi goma sha biyu aka kawo a sabunta. An ƙara musu farantan sulke a gefe da baya, an ɗora sabuwar bindiga mai juyawa a sama. Gindin bindigar ya zauna daidai kan murafai biyu na rufi, inda soja ke fita idan ta ɓaci, sai aka toshe su da walda. Direba yana da nasa murfin a gaba. Mutanen baya kuwa hanya ɗaya ta rage musu, ƙofar baya. Ita ma da aka liƙa mata sulke, nauyi ya ja ta ƙasa da kaurin yatsa, sakata ta riƙa cijewa. Daga waje sai mutum biyu sun ɗaga ta da sandar ƙarfe. Daga ciki sai an doki kan sakatar.

Sau uku Injiniya yana rubuta wa Manaja cewa a sake wa ƙofofin maɗaurai masu ƙarfi. Sau uku Manaja yana jefa takardar a aljihun teburinsa ya murɗa makulli.

"Yaro, kai jiya ka zo," ya ce masa a karo na ƙarshe. "Wace ƙofar motar soja ce ke buɗewa ba a ɗan taɓa ta ba? Jibi Kanar zai zo gwaji. So kake in ce masa ya koma sai bayan wata biyu?"

Haka ake yi a wurin. Kowa ya san abin da ya lalace, kowa ya ƙware wajen kewaye shi. Famfon da ke yoyo an ajiye masa bokiti, matakalar da ta karye an koyi tsallake ta, har ana yaba wa wanda ya fi iya tsallakewa. Wannan halin ne ke hana Injiniya cin abinci da daɗi.

A gidajen ma'aikata katanga ɗaya ce tsakaninsa da Baba Tartsatsi, famfo ɗaya suke ɗiba. Da yammacin ranar ya tarar da tsohon a kan bencinsa, yana naɗe ƙotar wata guduma da robar tsohuwar taya. Matarsa, wadda duk layin ke kira Inna, tana shanya rigunansa a igiya.

"Ta goma sha biyu ke nan," in ji Baba, ya ɗaga ta. "Kowace mota da tata. Na yi musu marataya a gefen ƙofa, inda hannu zai same ta ko ido a rufe."

"Baba, ka yafe ni, amma gudumarka ce ke rufa wa Manaja asiri. Muddin tana nan ba za a gyara ƙofar nan ba."

"To, madalla. Kai ka yi ta rubuta takarda, ni in yi ta rataye guduma. Wanda ya maƙale a ciki, takardarka ce za ta buɗe masa?"

"Ai ba gyara ba ne wannan! Faci ne!"

"Ni ma facin ne gaba ɗayana, dubi rigata."

Inna ta yarfe wata rigar. "Ɗana, bar shi da guduma. Tambaye shi dalilin da zai sa tsoho mai ciwon gwiwa ya shiga cikin tukunyar ƙarfe ana jijjiga shi kamar tsakuwa a gwangwani. Wa ya aike shi?"

"Babu wanda ya aike ni," in ji Baba. "Duk motar da na yi wa walda, ni ne farkon mai zama a cikinta. In aikina zai ɓalle, ya ɓalle a kaina, ba a kan ɗan wani ba. Ke kuma da kike magana, ba ke kika goge min sabuwar riga don Kanar ba?"

"Don kada a ce ba ka da mata ne."

Suka yi dariya su biyu. Injiniya bai yi ba.

Ranar gwaji da hantsi aka fito da mota ta bakwai, an wanke ta, an shafa wa sarƙarta mai. An kafa rumfa da kujeru a gefen filin. Manaja ya leƙa cikin motar, idonsa ya faɗa kan gudumar.

"Wannan fa? Maƙera muka buɗe? Kai, Injiniya, cire ta kafin Kanar ya gani ya fara tambaya."

Da wata rana ce da Injiniya ya yi gardama har wuyansa ya kumbura. Yau sai wani tunani ya zo masa, mai daɗi kamar ruwan sanyi. To a cire ta mana. Motar ta zagaya ta dawo gaban rumfa, a ce a buɗe ƙofa, ƙofa ta ƙi. Minti ɗaya kawai, a gaban Kanar da dukan manyan baƙi. Daga nan shi zai zo da sandar ƙarfe a buɗe, sannan a ga wanda zai sake kulle takarda a aljihun tebur.

Ya zare gudumar daga marataya ya jefa a jakarsa.

Baba Tartsatsi ya iso cikin sabuwar rigarsa, ko huda ɗaya babu. Injiniya ya mayar da jakarsa bayansa. In ya faɗa masa, tsohon zai je ya ɗauko wata.

"Yaya, ɗan boko, na yi kyau?"

"Ka yi kyau, Baba."

Mutum biyu suka tura ƙofar ta rufu a bayansa.

Dogo ne direba. Ya ja motar ta ratsa taɓo, ta tsallake rami, sarƙa na watsa ƙasa, baƙi na tafi. Ya nufi tudun gwaji, ya hau shi a karkace kamar yadda aka tsara, sarƙa ɗaya sama ɗaya ƙasa. A nan ne aka ji wani abu ya fashe. Bututun man da aka karkatar don a ba gindin bindiga wuri ya daɗe yana gugar jikin inji, yau ya tsage. Baƙin hayaƙi ya taso, wuta ta biyo shi.

Murfin gaba ya buɗe, Dogo ya faɗo ƙasa, hannun rigarsa na ci, yana birgima yana ihu. "Baba! Baba yana ciki!"

Injiniya bai san lokacin da ya ruga ba. Yana isa ya ji dukan. Daga ciki ake yi, da ƙafa, da kafaɗa, da tafin hannu.

"Baba! Doki sakatar!"

"Ina gudumar?" Muryar ta fito ta cikin ƙarfe, a shaƙe. "Yaro, ba ta nan! Wa ya ɗauke ta?"

Makanikai biyu suka zo da sandar ƙarfe suka cusa ƙarƙashin ƙofar, suka danna da dukan ƙarfinsu. Da a shimfiɗaɗɗen fili ne, da ta buɗe. Amma motar na tsaye a karkace, jikinta ya murɗe, ƙofar ta cije fiye da kullum. Aka ƙara mutum biyu. Sandar ta lanƙwashe, ta kufce, ta fasa wa ɗayansu baki, haƙora suka zubo da jini a kan ƙasa.

Injiniya ya zazzage jakarsa, ya ɗauki gudumar, ya hau dukan ƙofar. Yana duka yana kiran sunan tsohon. Sulke yake duka, sulken da aka yi don harsashi ya kasa huda shi. Ko tabo bai yi masa ba. Ya yar da gudumar ya kama hannun ƙofar ya ja, fatar tafinsa ta manne da ƙarfen, da ya fizge sai ta rage a can. Bai ji zafi ba.

"A kawo na kashe gobara!" Kanar ne ke ihu, ya jefar da hularsa.

Aka kawo tukwane biyu. Ta farko ta yi tsaki ta mutu, ta biyu ma haka, babu komai a cikinsu. Kowa a masana'antar ya san da haka tun bara.

Dukan da ke ciki ya fara raguwa. Fentin ƙofar ya kumbura yana fashewa. Baba ya yi tari mai tsawo, sannan ya faɗi wata magana. Injiniya ya kanga kunnensa kusa da ƙarfen har gashinsa ya yi ƙauri.

"Kada... kada a sa yaran mutane a ciki."

Daga nan sai ƙarar wuta kaɗai.

Sai da aka kawo mota ta takwas, aka ɗaura sarƙa a ƙofar, aka fizge ta da ƙarfin inji, maɗauranta suka tsinke. Minti goma sha huɗu. Suka same shi a durƙushe a bakin ƙofa, yatsunsa sun farfashe, hannunsa na dama a maƙale da maratayar da babu komai a kanta.

Ba a gama ɗauke shi ba Manaja ya ja Injiniya ofis. Kanar na tsaye a bakin taga.

"Kwana ne ya ƙare," in ji Manaja, yana share gumi. "Babu mai tsallake ranarsa. Ka rubuta gobarar inji, ka sa hannu. Kuma dama tsohon nan babu wanda ya ce ya shiga."

Injiniya ya dubi hannuwansa da aka naɗe da bandeji. Gudumar na cikin na dama, bai san sanda ya sake ɗaukar ta ba. Ya zagaya teburin. Manaja ya ja baya har ya ture kujera, yana kare kansa da hannu. Injiniya ya ɗaga gudumar ya sauke a kan aljihun teburin, ya sake, ya sake, katako na tashi, jini na ɓullowa ta bandejin. Makullin ya ɓalle. Ya zaro takardu uku ya miƙa wa Kanar, jininsa a kansu.

"Ranka ya daɗe, ƙofar ce ta kashe shi. Ga shi nan na rubuta sau uku. Ya rataye wannan a ciki don ta cece shi. Manaja ya ce a cire, ni kuma na cire da hannuna, ina murna, don ina so ku gani da idonku. Ban faɗa masa ba. Sauran goma sha ɗayan duk haka suke."

Kanar ya karanta takardun a tsaye, ɗaya bayan ɗaya. Ya leƙa waje ya kira sajansa.

"A ciro ƙofar kowace mota a jera min a ƙasa. Babu wadda za ta bar wurin nan." Ya juyo. "Ku biyun kuma kada wanda ya yi nisa. Za ku yi bayani."

Rana ta karkata sa'ad da Injiniya ya shigo layinsu. Labari ya riga shi. Mata sun cika ɗakin Inna, amma ita tana waje a kan bencin mijinta, hannuwanta a cinya. Ya durƙusa a gabanta, ya ajiye gudumar a ƙasa.

"Inna, ni na ɗauke ta."

Ta daɗe tana kallon robar da aka naɗe ƙotar da ita.

"Ya kira ka?"

"Ya tambayi wanda ya ɗauke ta."

"Ka faɗa masa?"

"Ban iya ba."

Ta ɗaga hannu ta wanka masa mari, kansa ya juya. Bai motsa ba. Ta sake ɗagawa, sai idonta ya sauka kan bandejin da ya jiƙe. Hannun ya tsaya a sama, ya sauko a hankali.

"Tashi daga gabana," ta ce. "Je ka a sake naɗe maka wannan. Gobe ma kada in gan ka."

Ya tashi. A bakin ƙofarsa ya tsaya, ya kasa murɗa makulli da yatsunsa. Ta kan katanga yana hango igiyar shanya, babu wanda ya tuna ya kwashe rigunan tun shekaranjiya. Rana na ratsa ƙananan hudojin da ke jikinsu, ɗigon haske ya bazu a ƙasa har kan ƙotar gudumar, yana motsi kaɗan duk sanda iska ta taɓa su.