Akwatin Gwajin Dakta Gwadabe

Na'ima Zailani ta saki gurbin karatun da take buƙata, ta riƙe wanda ba zai amfane ta ba. Ta gane haka ne ranar Asabar, a zauren Dakta Gwadabe da ke Ringim, tana durƙushe tana gaishe shi.

A wani asibiti take aiki a Dutse, ilimin halayyar ɗan Adam ta karanta. Ana yawan turo mata waɗanda suka faɗi a babur suka bugu a ka. Ciwon ya warke, amma mutumin ya zama wani daban: ya ɓata a unguwarsu, ya manta abin da aka faɗa masa yanzu. Dangi su tambaye ta ko zai koma aiki, ita kuwa ba a koya mata auna ƙwaƙwalwa ba. Yayanta Ikrima, malamin firamare a Kiyawa, shi ma ya bugu a ka, yana cikin masu jiran amsar.

Jami'o'i biyu suka ɗauke ta digiri na biyu. Ta Kudu tana da asibitin koyarwa, inda ɗalibi ke gwada marasa lafiya a gaban malami har hannunsa ya faɗa. Ta nan kusa ba ta da komai sai Dakta Gwadabe, tsohon malaminta, da akwatin kayan gwajin da ya sayo da kansa: 'yan katako masu launi da katunan hotuna. Shi ya kira ta ya ce ta zo. Ta ji nauyin ce masa a'a, ta fi jin nauyin tambayar babba ko zai daɗe a wurin. Ta bar wa'adin Kudu ya wuce.

A zauren ta tarar da kwalaye an ɗaure da igiya.

"Ranka ya daɗe, tafiya za a yi?"

"Au, ba su gaya miki ba? Saudiyya. Kwantiragi na samu."

"Akwatin fa, Malam?"

Ya yi dariya. "Ai shi suka ɗauka aiki, ni rakiya zan yi masa." Da ya ga ba ta yi dariya ba, ya gyara zama. "Tun azumi ake maganar. Da kin tambaye ni, da na faɗa miki."

"Ban ga fuskar tambaya ba."

"To, akwai Malam Lado. Mutumin kirki ne. Shi halayyar ma'aikata a ofis ya karanta, amma zai sa miki hannu, ki sami takardarki."

Ta yi godiya, ta yi masa addu'ar sauka lafiya, ta fito.

A tasha, kafin bas ɗin Dutse ta cika, ta kira lambar wayar hannu da jami'ar Kudu ta ba ta. Matar da ta ɗauka ta ce an riga an ba wani gurbin. Tana ajiyewa Huseina, matar Ikrima, ta kira.

"Antin yara, yau ma ya sa kaya zai tafi makaranta. Na ce masa Asabar ce, ya zauna. Can sai na gan shi a bakin ƙofa da allinsa. Me babban malamin naku ya ce?"

"Yana gaishe ku," in ji Na'ima.

Sau ɗaya asibitin ke ba ma'aikaci hutun ƙaro karatu, nata kuma ranar Litinin zai fara. Ko ana mayar da shi a sake nema baɗi, jami'in da zai iya faɗa ya tafi taro Abuja, ba a kuma san ranar dawowarsa ba.