Rantsuwar Nang Pasing

Duk garin Carcar na tsibirin Cebu an san Nang Pasing ba ta yin Tagalog, harshen mutanen Manila. Ji kam tana ji sarai, furtawa ce ta rantse ba za ta ƙara ba. Tana budurwa ta yi aikatau a Manila, inda uwar ɗakinta kan tara baƙi ta ce 'yar Cebu ta yi magana, su yi ta sheƙa dariya. Tun da ta dawo gida ta kulle bakinta. Ko da aka ce ai yanzu sunansa Filipino, harshen ƙasa baki ɗaya, cewa ta yi sabuwar riga kawai aka sa masa.

Sai ga autarta Ginalyn ta rasa wanda za ta so sai Rodel, ɗan ƙabilar Ilokano daga can ƙuryar arewa. Ranar neman aure ya zo da mahaifiyarsa, Nana Sabel, wata 'yar firit ɗin tsohuwa riƙe da damin tafarnuwa. Ita ba ta jin Bisaya, harshen mutanen Cebu, ko na gaisuwa, don haka ta yi sallama da Filipino. Nang Pasing ta amsa da Bisaya, tana kallon bango.

Dole Ginalyn ta zama tafinta.

"Tafarnuwa?" in ji Nang Pasing. "Daman an ce Ilokano marowata ne, yau na gani da idona."

"Mama ta ce ba abin da take so kamar tafarnuwa," in ji Ginalyn, gumi na keto mata.

"Kuma ki tambaye ta ko ba ta ba yaron nan abinci. Dube shi kamar sandar mofa."

"Ta ce Rodel dogo ne, gwanin sha'awa."

Nana Sabel ba yarinya ba ce. Ta dubi fuskar mai maganar, ta dubi ta mai fassarar, ta ga ba su yi kama ba. Ta ture farantin gasasshen aladen da aka zuba mata, ta rataya jaka.

"Rodel, tashi mu tafi. Matar nan tana jin duk abin da nake faɗa, ta dai raina ni ne. Ba zan haɗa jini da gidan da ba a iya buɗe mini baki ba."

Nang Pasing ta ga idon 'yarta ya ciko. Tana son yarinyar nan fiye da ranta, kuma ta san kalma ɗaya ta isa ta zaunar da baƙuwar. Amma harshen ya ƙi ɗaguwa.

"Haba Nana," in ji Rodel, yana riƙo hannunta, "ai ba a nan za mu zauna ba. Manila za mu koma."

"Manila!" Tsohuwar ta fizge hannunta, ta ɗaga murya da Filipino. "Garin da na kai tafarnuwa kasuwa matan can suka kewaye ni, wai in sake magana su ji? Kwaikwayona suka dinga yi har na tattara kayana ina kuka!"

"Ke ma?"

Kowa ya waiga. Nang Pasing ce, kuma da Tagalog tsantsa.

"Ke ma sun yi miki? Zauna, 'yar'uwa, zauna! Ni a gaban baƙi ake tsayar da ni, da tiren shayi a hannuna!"

"Kai, marasa kunya! Su wa suka fi iya magana?"

"Ta hanci fa suke yi, kamar masu mura!"

Nana Sabel ta ajiye jaka ta jawo farantinta. Suka dinga wanke matan nan tas, wannan ta ajiye waccan ta ɗauka, suna dariya suna share hawaye da gefen zani. Ginalyn kuwa ba ta taɓa jin labarin tiren shayin nan ba. Kafin la'asar tsofaffin sun tsayar da ranar biki, sun kuma yanke cewa ba inda yaran za su, Rodel bai ma samu bakin magana ba.

Da aka fito rakiya Ginalyn ta matso ta raɗa wa uwarta, "Ma, rantsuwar fa?"

"Tana nan daram, 'yata. Nasu na rantse ba zan yi ba." Ta gyara damin tafarnuwar da ta rungume. "Wannan kuwa namu ne, ni da surukata. In babu shi da me zan gaya mata?"